Yadda na kusa sayar da manyan bishiyoyin Baba

Ni fa in aka ce malamin daji, abin da ke faɗo min a rai shi ne mutumin nan mai kaki da ke tare masu jakunan itace a hanyar kasuwa, muna yara in an ce ga shi nan tafe kowa ɓoye gatarinsa yake. Shi ya sa ranar da surukina ya ce in kira malamin daji sai da na sake dubansa na ce Baba, ni da hannuna zan kirawo wanda zai ci mu tara? Dariya ya yi har da tari.

Ga wanda bai sani ba, a jihar Vermont nake zaune a nan Amurka, kuma baban matata yana da daji eka 38 a bayan gidansa, yawanci bishiyar mapul ce, wadda ake huda wa a tatsi ruwanta a dafa har ya zama zuma. Kamar dai yadda ake dafa ruwan rake a yi mazarƙwaila, sai dai ruwan mapul ba shi da zaƙi ko kusa da na rake, in ka kurɓa sai ka rantse ruwan sha ne aka ɗan jefa wa sukari, wajen galan 40 za ka dafa kafin ka samu galan 1. Lokacin aikin kuma gajere ne, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da dare ke daskarewa rana kuma ta narkar. Vermont ce kan gaba a duk Amurka a wannan sana'a, amma in ana maganar duniya to Kebek ta Kanada ce uwa ma ba da mama. Baba ya yi shekaru yana yi shi kaɗai, da aka yi masa aikin ƙugu sai abin ya dawo kaina, ni da ban taɓa riƙe injin yankan itace ba a rayuwata.

Dajin ya cushe. Bishiyoyi sun yi tsawo zalalau sirara, kowacce da ɗan ganye a can sama kamar tsintsiya, ƙasa kuma duhu ko da tsakar rana. Ni a ganina arziki ne, bishiya da yawa ai zuma da yawa. Ana cikin haka wani ɗan katako ya tsaya da motarsa a bakin titi, mutum mai fara'a wallahi, ya ce zai "share" mana dajin kuma shi ne ma zai biya mu. Muka zaga tare yana dafa wannan yana dafa waccan, ni ina ta lissafin kuɗin gyaran rufin gida a zuci, sai da na dawo ina ba Baba labari ya tambaye ni wanne da wanne mutumin ya dafa. Na ce manyan nan miƙaƙƙu na gefen rafi. Ya yi shiru, can ya ce wato zai kwashe shanun tatsa ya bar mana ramammu. Ban ce mutumin macuci ba ne, shi katako yake nema kuma katako mai kyau yana jikin babbar bishiya miƙaƙƙa, matsalar ita ce su ɗin ne dai masu ba mu ruwa.

To a Vermont gwamnatin jiha tana da malaman daji da aka raba wa gundumomi, aikinsu su ba masu daji shawara, kuma kyauta ne. Na kira, na bar saƙo, na sake kira, sai da aka yi wajen sati biyar kafin malamar dajin ta samu zuwa don mutum ɗaya ce a kan ɗaruruwan masu filaye. Abin da na fara lura da shi, ni gindin bishiya nake kallo ita kuma sama take kallo, duk zagayen da muka yi wuyanta a ɗage. Ta ce ganye shi ke haɗa sukarin, bishiyar da kanta ya baje ta sha rana ta fi ba da ruwa kuma ruwanta ya fi zaƙi, wadda aka matse kuwa sai tsawo ba ƙiba, ga shi ba a huda bishiya sai kaurinta ya kai inci 10 zuwa 12 in an auna daidai ƙirjin mutum, abin da kan ɗauki wajen shekara 40. Sai ta yi min wani lissafi da masu sana'ar duk suka sani, ka raba 86 da yawan sukarin da ke cikin ruwan. In kashi 2 cikin 100 ne galan 43 za ka dafa, in kashi 3 ne bai kai galan 29 ba. Ni da na kwana ina tura itace a murhu har gira ta ƙone, nan take na gane me take nufi.

Na ce mata ai mu ma muna yi, in gero ya tsiro da yawa a rami ɗaya ragewa ake a bar masu ƙarfi, kuma a wajen Maraɗi manoma sun daɗe suna sassaben zamani, su zaɓi reshe biyu uku a kututture su sare sauran. Ta ce haka ne, amma a nan in ka yi gaggawa ka buɗe dajin lokaci ɗaya, rana za ta ƙona bawon waɗanda suka saba da inuwa, iska kuma ta tumɓuke wasu. Sai dai a zaɓi bishiyar da ake so a buɗe mata gefe biyu ko uku, a dawo bayan shekaru a ƙara. Wani abin da ya ba ni mamaki, ta hana ni sare duk wadda ba mapul ba. Ni niyyata ke nan da ma. Ta ce a bar wajen kashi ɗaya cikin huɗu na wasu iri, saboda dajin da ke iri ɗaya zalla in tsutsar da ke cin ganyen mapul ta shigo ba abin da zai tare ta, kuma tsuntsayen da ke cin tsutsar su ma suna son gauraye. Wasu bishiyoyinmu da ake kira ash kam ta ce mu sa ido, wani ƙwaro kore da ke kashe su ya shigo jihar tun 2018.

Ita ba ta shafa wa bishiyoyin da za a sare fenti ba ta sayar da katako, sai ta ba ni jerin malaman daji masu zaman kansu masu lasisi. Wannan biyansa ake, kuma na ji zafin kuɗin ba ƙarya, amma shi naka ne, ba ruwansa da ko itacen ya yi tsada ko bai yi ba. Da ma muna buƙatarsa, don filin Baba yana cikin tsarin rangwamen haraji da suke kira Current Use, wanda sai kana da daji aƙalla eka 25 da rubutaccen tsarin kula da shi da ake sabuntawa duk shekara 10, namu kuwa saura kaɗan ya ƙare ba wanda ya tuna. Mutum na uku da na kira shi ya amsa. Kwana biyu ya yi da gwangwanin shuɗin fenti yana yi wa waɗanda za a sare alama.

Wahalar gaske a wajen samun mai yankan take. Duk wanda ya zo ya ga abin da aka shafa wa fenti, karkatattu da masu rauni da sirara, sai ya ce zai kira ni, shiru kake ji. Masu manyan injuna kuɗin ɗauko injin ma ya fi ƙarfin itacen. Ga sharuɗɗa kuma, sai cikin tsananin sanyi ƙasa ta daskare don kada taya ta yanke saiwoyi, mapul saiwarta a sama-sama take, sannan sai mun kwance duk siraran robobin da ke kai ruwa tanki mu sake ɗaurawa kafin Fabrairu. A ƙarshe a shagon sayar da kayan tatsa wani dattijo ya haɗa ni da wani mai ƙaramar tarakta da igiyar ja. Muka rubuta yarjejeniya, ya nuna takardar inshora, rabin itacen nasa rabi namu na dafa zuma, da ɗan kuɗi a sama.

Akwai wata guda ɗaya kusa da ɗakin dahuwa da na roƙa a bar min, ita na fara hudawa da hannuna shekarar farko. Mai fentin ya kai ni bayanta ya nuna min wata doguwar tsaga da baƙin ruɓa, sannan ya nuna wata matashiya miƙaƙƙa da ke tsaye a inuwarta. Na je na kai ƙara wajen Baba ko zai goya min baya, yana zaune da sandarsa a bakin taga, ya ce ai tun kafin a haifi matata yake cewa zai sare ta bai samu zuciya ba. A watan Janairu aka kayar da ita, yanzu tana jere a rumfa tana bushewa.