Yadda na gasa pol roti na Siri Lanka da kayan yajinsa a gida

Pol roti gurasa ce da mutanen Siri Lanka ke yi da fulawa da gurzajjiyar kwakwa da gishiri, babu yisti, babu sukari, kuma sau da yawa ba a sa mata ko ɗigon mai, domin man da ke jikin kwakwar ya isa ya tausasa kwaɓin. Na koye ta ne a Jidda daga wata maƙwabciyata 'yar ƙasar, wadda takan gasa ta da safe ko da dare, a ci da baƙin shayi da wani dakakken yaji mai suna lunu miris. Da na dawo gida na ci gaba da yin ta da kayan kasuwarmu, kuma a nan ne na gane cewa kwakwar ce ke yanke hukunci a kan kowane mataki na aikin.

Siri Lanka ƙasar kwakwa ce, musamman gundumomin Kurunegala da Puttalam da Gampaha, kuma a gidajensu akwai wani ɗan benci mai ƙarfe mai haƙora a baki, hiramanaya, wanda ake zama a kai a kankare cikin kwakwa ba tare da an ɓamɓare ta daga ƙoƙonta ba. Abin da ke fitowa yana da laushi, kuma madararsa na nan a jikinsa. Ni ba ni da wannan benci, saboda haka nakan zaɓi kwakwar da ta ƙosa, mai nauyi, wadda idan aka girgiza ta za a ji ruwa na motsi, in fasa ta, in fere bawon nan mai ruwan ƙasa, sannan in goga ta a ɓangaren magogi mafi ƙananan huji. Ba na markaɗa ta da ruwa a bilenda, domin hakan yana raba madarar da tsokar, abin da ya rage kuma dusa ce kawai. Busasshiyar kwakwa ta leda ma na gwada ta don in ga bambanci. Tana shanye ruwan kwaɓin, gefen gurasar ya tsattsage, sai dai idan an jiƙa ta da ruwan ɗumi na minti 15 kafin a haɗa, amma ko da hakan ƙamshinta bai kai na ɗanya ba.

Ma'aunin da na tsaya a kai shi ne kofi 2 na fulawa, kofi ɗaya da rabi na kwakwa, da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri. Kafin ruwa ya taɓa haɗin, nakan murza kwakwar cikin fulawar da yatsu har ya yi wara-wara kamar dambu, domin a lokacin ne man kwakwar ke lulluɓe garin. Daga nan sai ruwa kaɗan-kaɗan, kuma ba ni da tsayayyen ma'auni a kansa, tunda wata kwakwar ta fi wata danshi. Yawanci bai wuce rabin kofi ba. Idan za a sa yankakkiyar albasa da ɗanyen barkono, kamar yadda gidaje da yawa ke yi, sai a ƙara rage ruwan, domin gishiri zai fitar da ruwan albasar yayin da kwaɓin ke hutawa na minti 20 zuwa 30. Mutanen Siri Lanka kan sa ganyen kori, amma nasu ganyen wata bishiya ce, daban yake da ganyen kori na kasuwanninmu wanda dangin ɗoɗɗoya ne, saboda haka ni ba na sa shi. Ba a kuma matsa wa kwaɓin da murza, da zarar ya haɗe jikinsa an gama, in ba haka ba gurasar za ta yi danƙo.

Nakan raba kwaɓin gida 6, in faɗaɗa kowane curi da tafin hannu a kan ganyen ayaba ko faranti da aka shafa wa mai, kaurinsa kamar rabin santimita. Kaskon ƙarfe mai kauri ya fi dacewa, a kan wuta matsakaiciya, minti 3 zuwa 4 kowane gefe. Wuta mai ƙarfi tana ƙona kwakwar da ke waje alhali cikin bai nuna ba. Alamar nuna ita ce ɗigo-ɗigon ja a jikinta da ƙamshin gasasshiyar kwakwa, kuma da an sauke sai a rufe da tsabtataccen ƙyalle, domin tana tauri idan ta huce a buɗe.

Lunu miris shi ne ya fi ɗaukar hankalina, domin ba a ɗora shi a wuta ko kaɗan, dukan aikinsa a turmi yake ƙarewa. Kayansa busasshen jan barkono ne, da ƙananan jajayen albasa, da gishiri, da lemon tsami, da umbalakada, wato kifin tuna na tsibiran Maldives da ake dafawa, a kyafe, a shanya a rana har ya yi tauri, sannan a farfasa shi ƙanana. A madadinsa nakan sami busasshen kifin banda mai tsoka, in cire ƙaya da fata, in ɗan gasa shi a kasko ya bushe sosai. Ɗanɗanon ba ɗaya ba ne, hayaƙin namu ya fi fitowa, amma yana ba yajin nauyin da yake bukata. Jerin dakan yana da muhimmanci ƙwarai: barkono da gishiri ne farko, domin gishirin ke taimakawa barkonon ya daku, sai kifi, sai albasa wadda ake daddagawa sama-sama ta fashe ba tare da ta narke ba, lemon tsami kuma sai an kwashe daga turmin. Bilenda tana mayar da albasar ruwa, kuma ɗaci ya biyo baya. Ina ganin bai kamata a yi shi da yawa ba, domin ɗanyar albasa tana sauya wari idan ta kwana.

Ga masu tsoron zafi, musamman yara, akwai seeni sambol, inda ake soya albasa mai yawa a wuta kaɗan har ta yi laushi ta yi duhu, a zuba girfa da kanumfari da barkono kaɗan, sannan ruwan tsamiya da sukari, a bar shi ya tsane. Wannan yana kwanaki a firji ba tare da ya lalace ba. Pol sambol kuwa lunu miris ne da aka ƙara wa gurzajjiyar kwakwa, amma a wurina kwakwa a kan kwakwa tana yin yawa, na fi son sa da shinkafa.

Siri Lanka ba ta noma alkama, shigo da ita take yi, kuma a karkararsu akwai roti da ake yi da garin kurakkan, hatsin da muke kira tamba, wanda ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna. Na haɗa rabin garin tamba da rabin fulawa, na kwaɓa da ruwan ɗumi, na ƙara kwakwar zuwa kofi 2 saboda tamba ba ta da danƙon alkama kuma tana saurin bushewa. Gurasar ta fito da duhu, ta fi ƙosarwa, amma tana saurin karyewa wajen juyawa, don haka nakan yi ta ƙanana, faɗin tafin hannu, in bar gefen farko ya kama sosai kafin in sa mata cokali.