Laraba, kwana na goma sha ɗaya a Accra

Ana idar da sallar asuba na goge farar rigata a ɗakin Kawu, na sha koko da ƙosai a tsaye, na fita babban titin Nima neman trotro, motar haya. Ƙarfe tara aka ce in zo ganawar neman aiki, amma wanda ya san cunkoson garin nan ba ya wasa da sammako. Bakwai da rabi ta yi mini a bakin ƙofarsu.

Tun ina Kumasi na tura takarduna ga manyan kamfanonin akanta huɗu, KPMG da PwC da Deloitte da EY. Ɗaya ya kira ni jarrabawar gwaji, na tsallake, yau kuma ganawa ido da ido.

Mutum biyu na tarar, mace ce babbarsu. Ta ce in faɗa mata abin da na yi bayan bautar ƙasa. Nan ne dama nake jin kunya. Shekara biyu na yi a wani ƙaramin ofishin akanta a Adum, cikin Kumasi, mu uku kacal, masu kawo mana aiki kuwa 'yan kasuwar Kejetia ne, masu zuwa da rasit a cikin baƙar leda, wani ya jiƙe da manja, wani rubutunsa ya koɗe. Na so in ambata a gurguje in wuce, sai ta tsayar da ni: idan rasit ya ɓata, yaya nake yi? Na ba ta labarin wani dillalin shinkafa da littafinsa ya ƙi daidaita da na banki. Kwana uku na yi ina bin bayanan MoMo ɗinsa, wato asusun kuɗinsa na waya, layi bayan layi da rula, kafin na gano yaron shagonsa yana rubuta kayan bashi sau biyu, ranar ɗauka da ranar biya. Ina magana tana rubutu. Wallahi sai na ji ƙirjina ya buɗe. Ashe aikin da nake ɓoyewa shi ne jarina, kuma a teburin nan na Adum na koyi haƙurin bin kuɗi har inda ya maƙale.

Inda na yi tuntuɓe shi ne IFRS 16, ƙa'idar rubuta haya a littafin kamfani. Na karanta ta, amma ban taɓa aiki da ita ba, kuma haka na faɗa musu. Na ce na gama mataki na biyu na jarrabawar ICAG, hukumar ƙwararrun akantoci ta Ghana, saura na uku. Ta gargaɗe ni cewa daga Janairu zuwa Afrilu ba hutu, domin kamfanin da ya rufe littafinsa a Disamba wata huɗu gare shi ya miƙa wa GRA, hukumar tara haraji ta Ghana, takardun harajinsa. Suka ce za su neme ni.

Da la'asar na je Madina duba ɗaki. Ciki ɗaya, banɗaki a tsakar gida, mai gidan kuma ya ce kuɗin shekara biyu a dunƙule, alhali doka wata shida ta ce. Abin da na tara ko shekara ɗaya ba zai kai ba. Jikina ya yi sanyi.

Da na dawo na shaida wa Kawu. Ya ajiye carbinsa ya ce, "Ɗana, wa ya kore ka? Tabarmar nan taka ce har ka karɓi albashin farko."

Na ce, "Kawu, nauyi nake ji, ga yara sun cika gida."

"Uwarka ce ta goya ni. Tashi ka ci tuwo."

Bayan isha'i Mma ta kira daga Aboabo, tana tambaya ko ina cin abinci, ta yi mini doguwar addu'a. Yanzu yara sun yi barci, na buɗe babin IFRS 16 da hasken waya. Gobe da safe zan tura takarduna ga wasu matsakaitan kamfanoni biyu da wani abokin karatuna na jami'ar KNUST ya nuna mini.