Lissafin fansho da tumaki huɗu

Kwanakin baya bayan isha'i na shimfiɗa tabarma a tsakar gida ina ta lissafi a bayan kwalin sigari, shekara 27 ina aikin lafiya a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, ga gwiwa ta fara ba ni matsala, na ce to bari in ajiye aiki kafin shekara 35 ta ritaya ta cika. Sai wani abokin aikina ya raɗa mini wai fanshon da za a riƙa ba ni duk wata ya ragu, ba kamar yadda muka sa rai ba. Wallahi sai da shayin ya huce a hannuna.

Uwargida tana tankaɗe ta ce, Malam kai dai ka daina kallon garatuti kamar ya riga ya shigo aljihu, Baba Liman shekara nawa yana jiran nasa? Gaskiyarta.

Don haka ranar Alhamis na shiga kasuwar Maigatari na sayo tumaki huɗu, ɗaya ma da ciki, gonar bayan gari kuma bana riɗi da zoɓo zan zuba, gero ya isa haka. Takardar ritayar tana cikin akwati tukuna, sai bayan kaka in Allah ya kai mu.