Kafin ka danna Enter a kan na'urar mutane

Ƙannena masu shirin jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco kan haɗa na'urorin sadarwa, akwai wani hali da Packet Tracer, manhajar gwaji mai kwaikwayon waɗannan na'urori, ke saka wa mutum bai sani ba, wato saurin hannu. In ka dagula komai a cikinsa, rufewa za ka yi ka sake buɗewa, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Da wannan halin na kama aiki a wani kamfani a Wuse, kuma shi ya jawo mini yawancin wahalar da na sha a farkon aikina. Manhajar ba ta da laifi, kyauta ce kuma tana koyarwa sosai. Ni ne na haddace umarni ban tsaya na fahimci inda canjin da na yi yake zama a cikin na'ura ba.

A IOS, manhajar da ke tafiyar da na'urorin Cisco, saiti iri biyu ne. Akwai running-config, wanda na'ura ke aiki da shi yanzu, yana zaune a RAM, ƙwaƙwalwar da ke shafewa da zarar wuta ta ɗauke. Akwai kuma startup-config a NVRAM, ƙwaƙwalwar da ba ta shafewa ko wuta ta ɗauke, shi na'ura ke karantawa duk lokacin da ta tashi. Da ka shiga configure terminal ka rubuta layi ka danna Enter, ya hau na farkon ya fara aiki nan take, ba za ta tambaye ka ko ka tabbata ba. Amma bai isa na biyun ba sai ka ce copy running-config startup-config, ko write memory.

Kowa ya iya wannan a baki, ni ma na iya. Duk da haka na taɓa wuni ina saita DHCP da NAT a wata rauta, komai ya yi daidai, na tafi gida ban adana ba. Da dare aka ɗauke wuta, batirin UPS ya ƙare kafin a tada janareta, gari ya waye ofis babu intanet. Sai na ɗauki darasin a karkace, na koma adanawa bayan kowane layi, kuma wannan ma kuskure ne. Tazarar da ke tsakanin saitin biyu ita ce ƙofar komawarka. Wanda ya adana canjin da bai gwada ba ya rufe ƙofar da hannunsa.

A Gwagwalada na gane haka. Muna da reshe a can, aka ce in ƙara sabon VLAN (wato rukunin sadarwa da ake warewa a cikin siwic) mai lamba 30 a kan layin da ya haɗa siwic ɗin reshen da rauta. Ina zaune a Wuse na shiga siwic ɗin daga nesa ta SSH, na rubuta switchport trunk allowed vlan 30. Kalma ɗaya na manta: add. Ba tare da ita ba, umarnin ba ƙari yake yi ba, share jerin duka yake yi ya bar 30 kaɗai. Cikin waɗanda ya share har da VLAN ɗin da nake shiga na'urar ta kansa. Allon ya tsaya cak. Na danna Enter, na sake dannawa, shiru. Kafin in gama tunani waya ta fara ƙara, Hajiya mai kula da reshen ce: "Injiniya, komai ya tsaya fa, ga mutane a layi."

Na zari kwamfutata da shuɗin kebul ɗin nan na console da ake jona kwamfuta da na'ura kai tsaye da shi, na kama hanyar filin jirgi, na sha cunkoso a mahaɗar Giri, na isa cikin gumi. Na durƙusa gaban akwatin na'urori, na jona a kan gudu 9600, na gyara layin cikin ƙasa da minti guda. Da na dawo, ogana bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Ka adana kafin ta yanke ka?" Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ya ce, "To da Hajiyar can ta zare wayar wutar siwic ɗin ta mayar, ai da ya tashi da tsohon saiti." Abin da ya fi damuna ke nan har yau. Amsar tana cikin babin farko na abin da na karanta, amma don haddarsa na yi ban fahimce shi ba, bai zo mini ba a lokacin da nake buƙatarsa.

Shi ya koya mini reload in 10. Kafin ka taɓa na'urar da ke nesa da kai, ka tabbata saitin da ke aiki lafiya an adana shi, sannan ka umarce ta ta sake tashi da kanta bayan minti 10. Ka yi canjinka, ka gwada. In komai lafiya ka ce reload cancel, sannan ka adana. In ta yanke ka, ka zauna ka jira, za ta dawo da tsohon saiti. Ba kyauta ba ne, domin mutane za su rasa sadarwa na 'yan mintocin da take tashi, shi ya sa irin wannan aikin ake yin sa bayan an tashi daga ofis, da sanin masu wurin. Na'urorin Juniper sun zo da wannan tunanin a jikinsu: abin da ka rubuta a manhajarsu Junos ba ya aiki sai ka ce commit, kuma commit confirmed na mayar da tsohon saiti bayan minti 10 in ba ka tabbatar ba. A ganina tsarin ya fi tausayin mai koyo, amma IOS ne a gabanku a jarrabawa.

Wurin da na fi roƙonku ku natsu shi ne ACL, jerin dokokin da ke cewa wa zai wuce, wa za a tare. Daga sama zuwa ƙasa ake karanta shi, layin da ya fara dacewa shi ke yanke hukunci, kuma a ƙarshen kowane jeri akwai hani da ba a rubuta ba, mai toshe duk abin da ba ka ba izini ba. Ka ɗora jerin da ka manta adireshinka a ciki a kan layukan vty, ƙofofin shiga na'ura daga nesa, shigarka ta gaba sai ka tarar an rufe maka. Akwai kuma tarkon jeri mai lamba: in ka rubuta no access-list 10 ka bi shi da layi ɗaya da kake son cirewa, jerin gaba ɗaya zai tafi. Ka shiga ta ip access-list standard 10 ka cire layin da lambarsa. Haka nan copy startup-config running-config ba ya goge ɓarnar da ka yi, cakuɗa tsohon saiti yake yi da sabon. Mai son mayewa na gaske sai configure replace, ko sake tada na'ura.

Ita jarrabawar, 200-301, tun Fabrairun 2020 take da wannan lambar. Minti 120 ce, kuɗinta dala 300, wanda a canjin yanzu ba abin wasa ba ne ga ɗalibin da ke shigowa gari daga Mararaba ko Kubwa. In ka wuce tambaya ba ka komawa kanta. Don haka a tambayoyin aikin hannu ka karanta umarnin har ƙarshe, ka duba aikinka da show ip interface brief da show vlan brief da show interfaces trunk, in an ce ka adana ka adana kafin ka matsa. Ka tuna bakunan rauta a rufe suke zuwa, sai ka ce no shutdown. Masu yawo da tambayoyin sata kuma ku rabu da su. Ko sun kai ka ga takarda, ba za su tsaya tare da kai ba ranar da reshe ya tsaya.

Ku sauya yadda kuke gwaji. Ku ajiye littafi, kafin kowane canji ku rubuta abin da ke nan yanzu, da abin da za ku rubuta, da umarnin da zai warware shi. Ku riƙa ɓata gwajinku da gangan: ku bar add, ku yanke kanku, ku kashe na'ura ba ku adana ba, ku ga me ya tsira. A yawancin siwic ɗin Catalyst za ku tarar VLAN ɗinku na nan ko bayan write erase mai goge startup-config, domin a fayil ɗin vlan.dat suke cikin flash.

In kuka haɗa kuɗi ku biyu ko uku kuka sayi rautar tokumbo don gwaji, wanda nake ba da shawara ƙwarai, ku fara da show version ku dubi layin ƙarshe, inda lambar da ke gaya wa na'ura yadda za ta tashi take. Ya kamata ku ga 0x2102. In 0x2142 kuka gani, wani ya karya kalmar sirri ya manta bai mayar ba, kuma na'urar za ta riƙa tsallake startup-config duk tashi, komai yawan adanawarku. Ku shiga configure terminal ku rubuta config-register 0x2102, ku sake tada ta, sannan ku duba ko saitinku ya dawo.