Haɗa 'yar MP3 da tsohon rediyon Camry: ga inda aikin ya kai

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon taɓa wayarin ɗin mota da hannunsu. Ga inda na kai a ƙoƙarin sa 'yar MP3 ɗina ta yi magana ta lasifikan mota. Motar Camry ce ta 2001, daga Amurka aka shigo da ita, kuma rediyonta na asali ne: kaset da AM da FM kawai. Babu ramin AUX na soka wayar sauti, babu USB, balle a yi maganar Bluetooth. Ban so cire shi ba, don muryarsa na da daɗi kuma ya zauna daram a dashbod. MP3 ɗin kuwa ƙarama ce mai cin memori, a cikinta na tara karatun Alƙur'ani da tafsirai da tsofaffin waƙoƙi saboda doguwar hanya.

Da kaset ɗin nan mai jela na fara, wanda waya ke fitowa daga gefensa a soka a ramin iyafis. Babu zaren kaset a cikinsa. Wani ɗan kai ne na maganaɗisu da ke fuskantar kan rediyon, yana miƙa masa sauti kai tsaye, sai 'yan haƙoran roba da ke juyawa don rediyon ya zaci kaset na tafiya. Gaskiya sautinsa ya fi yadda ake raina shi, musamman bayan na goge kan rediyon da auduga da sifirit, na kuma kashe maɓallin Dolby. Matsalarsa haƙoran ne. Da sun fara santsi sai rediyon ya ɗauka kaset ya ƙare, ya juya ɗaya gefen, ya sake juyowa, kana tuƙi yana ƙwas-ƙwas. Wanda kaset ɗin motarsa ke da lafiya, kada ya raina wannan hanya, ita ce mafi arha.

Daga nan na koma ga 'yar na'urar da ake sokawa a soket ɗin sigari, wadda ke watsa sauti ta FM kamar ƙaramar tashar rediyo. A nan akwai abin lura tun kafin a biya kuɗi. Zangon FM da muka sani daga 87.5 yake zuwa 108, amma ba kowane rediyon mota ke taka kowace lamba ba. Na Amurka tsalle yake yi: 88.1, 88.3, 88.5, haka har sama, ba ya tsayawa a kan 88.2 ko 90.0. Idan ka saita na'urar a irin lambobin da ba ya tsayawa a kai, sai dai ka ji shuu. Tsofaffin rediyoyin da aka yi don kasuwar Japan kuwa daga 76 suke farawa su tsaya a 90, saboda haka ɗan tsakanin 87.5 da 90 ne kaɗai ya rage maka. Sannan a cikin Kano zangon ya cika: Dala na 88.5, Arewa na 93.1, Freedom na 99.5, ga wasu birjik a tsakani. Na'urar da ƙarfinta bai wuce 'yan taku ba ba za ta ja da tasha mai dogon ƙarfe ba. Na samu gurbi a can ƙarshen zangon, ya yi tsit a cikin gari, amma da na doshi Zariya sai wata tasha ta fara leƙowa a ƙarƙashin karatun. Ko a inda ya yi kyau ma, FM na yanke siraran sautuka da suka haura kilohaz 15, kuma akwai 'yar iska da ba ta rabuwa da shi. Don tafsiri ya wadatar. Don waƙa mai kalangu da goge, kunnena bai gamsu ba.

Abin da ya raba gardama yana bayan rediyon. Yawancin rediyoyin Toyota na wancan zamani suna da soket da aka tanada don akwatin faifan CD da ake ajiyewa a but. Ana sayar da wani ɗan akwati da ke shiga wannan soket ya yi shigar burtu, rediyon ya ɗauka akwatin CD ne, alhali wayar AUX ce ke fitowa daga ɗaya ɓangaren. Soket ɗin ƙafa 12 gare shi, amma iri biyu ne: akwai mai jeri biyar da bakwai, akwai mai shida da shida a motocin da suka biyo baya. Ku zaro rediyon ku ɗauki hoton bayansa kafin ku nufi kasuwa, kada ku dogara da shekarar mota kaɗai, don wani rediyon an riga an canja shi tun kafin motar ta iso hannunku.

Kafin na kwance komai na cire kan batir na baƙar waya. Masu Honda da Golf, ku dakata a nan: wasu rediyoyinku na kulle kansu idan wuta ta yanke, sai an saka musu lambar sirri. Ku tabbatar lambar na hannunku tukuna. Robar dashbod kuma da abu mai laushi ake ɓamɓare ta, domin rana ta riga ta gasa ta, sukundireba na taɓa ta za ta tsage. Na soka akwatin, na zagayo da wayar ta ƙarƙashi zuwa kusa da giya, na mayar da batir, na danna maɓallin CD. Sauti ya fito garau, hagu da dama kowanne a wurinsa.

Sai da na ta da inji, na kuma soka MP3 ɗin a caji, sannan ainihin darasin ya fito. Wani siririn kuka ya shiga lasifika, wiii, idan na taka totur ya hau sama, idan na saki ya sauko. Da yawa a nan suke yanke hukunci cewa MP3 ɗin ce ba ta da kyau ko akwatin jabu ne. Gwajin ba shi da wuya: a bar inji na aiki, a zare cajar kawai. Ina zarewa kukan ya ɗauke ɗif. To ba daga na'urar ba ne, daga hanyar wuta ne.

Ga yadda abin yake. A mota, ƙarfen jikinta shi ne hanyar da wuta ke bi ta koma batir. Rediyo yana da wurin da baƙar wayarsa ta kama jiki, soket ɗin sigari shi ma yana da nasa daban. Idan MP3 na kan caji, sannan ga wayar AUX, ta haɗe waɗannan wurare biyu ke nan ta hanyoyi biyu. Tsakanin wuraren akwai ɗan bambancin wuta ƙanƙani, sai wannan bambanci ya samu hanya ta cikin wayar sauti. Ita kuma wutar da altaneta, mai cajin batir idan inji na aiki, ke bayarwa ba sumul take ba, tana da 'yan tudu-tudu da ke ƙaruwa da gudun inji, su ne kunne ke ji kamar kuka. Na sa mita a batir don in cire shakku: volt 12.6 inji a kashe, wajen 14 yana aiki. Lafiya lau ke nan, altaneta ba ta da laifi. Wanda ya ga tasa ta wuce 15 ko ta kasa kai 13 inji na aiki, ya fara zuwa wurin mai wayarin kafin ya ci gaba.

Magani mafi sauƙi shi ne kada a yi caji ana saurare, ko a yi cajin da fawa banki, tunda ba ta taɓa jikin mota. Wannan ya kashe kukan gaba ɗaya. Na kuma gwada ɗan abin nan mai kamar ƙaramin batir da ake sawa a tsakiyar wayar AUX. Taransifoma biyu ne ƙanana a cikinsa, ɗaya na hagu ɗaya na dama, sauti na tsallakawa ta maganaɗisu ba tare da waya ta taɓa waya ba. Ya yi aiki, sai dai mai arhar da na samu ya rage nauyin ganga, duk wanda ya san waƙar zai ji an taɓa ta. Canja caja ma ya rage wani abu, domin ƙananan cajojin nan da ke sauke 12 zuwa 5 suna da nasu ƙugin, wasu har FM suke dagulawa. A ganina gyaran gaskiya shi ne a ɗauko wutar cajar daga bayan rediyon, baƙar wayarta ta kama jiki a noti ɗaya da ta rediyo, a sa mata fis nata. Idan kan rediyon kasuwa kuke aiki, launukan sanannu ne: rawaya wutar dindindin, ja wutar makulli, baƙa jiki. Wayoyin Toyota na asali ba sa bin wannan tsari, sai an auna da mita. A wutar makulli za a ɗaura, in ba haka ba caja ta kwana tana tsotsar batir.

'Yan ƙananan abubuwa da suka ci min lokaci. Kan filogin AUX ku ƙirga zoben da ke jikinsa: mai zobe biyu shi ne na sauti zalla, mai uku na waya ne mai makirufo, kuma a wasu ramukan yakan sa murya ta yi nisa kamar daga cikin rijiya. Muryar MP3 na bar ta wajen kashi uku cikin huɗu, na kashe duk wani ƙarin ganga da ke cikinta, sauran na bar wa rediyo. Idan ta yi ƙasa, ka ƙure rediyo ka ƙara iska. Idan ta ƙure, sauti ya fashe. Memori kuma, tawa ba ta karanta wanda ya wuce gig 32, saboda manyan da tsarin exFAT suke zuwa, ita kuwa FAT32 ta sani. Surori na sa musu lamba mai gida uku, 001 har 114, in ba haka ba sai ta tashi daga ta 1 ta faɗa ta 10. Kuma kada a bar ta a kan dashbod a zafin Afrilu, batirinta kumbura yake yi.

Abin da ya rage yanzu shi ne jawo wutar cajar daga bayan rediyo, na riga na tanadi fis da dalma da salatif. Bayan nan zan gwada ɗan karɓar Bluetooth a kan wannan AUX ɗin, ko da yake ina zargin kukan zai dawo, tunda shi ma a wutar mota zai rayu. Wanda ya taɓa haɗa irinsa a Camry ko Corolla ta waɗannan shekaru, ya gaya mana a wane noti ya kama baƙar wayarsa.