Awa 23 ɗin Auta

Laraba, dare ya fara nisa.

Auta, ƙanena da ke karatu a jami'a yana kuma aikin albashi a gefe, ya shigo da yamma da fara'arsa, wai ya samu oda biyu a mako ɗaya, riguna 30 na wata ƙungiyar ɗalibai da wasu 30 na 'yan ƙwallo. Na taya shi murna har cikin raina, don injin buga rigar nan ya daɗe a lungu yana shan ƙura. Har ya kai bakin ƙofa sai ya ce, "Yaya, gwajin ranar Litinin kuma da dare zan karanta." Wannan "da dare" ita ta tsaya mini a rai. Na ce ya dawo ya zauna, ya miƙo takarda da biro.

Mako awa 168 ne. Barci awa 7 kullum, 49 ke nan. Lacca 15. Ƙa'idar da jami'o'i da dama ke aiki da ita ita ce kowace awa ɗaya ta aji tana buƙatar kamar awa biyu na karatun kai, to 30 sun tafi. Wurin aiki suna karɓar 20. Ci da wanka da wanki da 'yan hidimomi, awa 3 a rana, 21. Zirga-zirga 10. Muka tara, 145. Saura 23.

Ya ce, "Ai sun isa, Yaya, danna riga ɗaya daƙiƙa 15 ce."

A nan masu fara sana'a suke faɗawa rami, sai su ƙirga lokacin da hannu ke kan inji kawai. Gaskiya ne ledar rubutu, wadda ake yanka zane a jikinta a manna wa riga, ana danna ta ne a zafin digiri 150 zuwa 160 na 'yan daƙiƙu. Amma kafin nan sai an yanka zane, an tsince ragowar leda daga cikin kowane harafi, an shimfiɗa riga an ɗan gasa ta danshi ya fita, an auna tsakiya. A ƙaddara minti 10 kan kowace riga, awa 5 ke nan a riguna 30. Sayo rigunan da zaɓen girma, rabin yini. Kai da komo da mai oda a kan launi da zane, wani ya ce a ƙara girman rubutu, gobe ya ce a rage, awa 3 ba su yi yawa ba. Kai kaya, 2. Sai gyaran kuskure, kuma wanda ya fi yawa shi ne a manta a juya zanen kafin a yanka, rubutu ya fito a birkice, leda ta tafi a banza. Oda ɗaya ta doshi awa 15. Biyu 30. Shi kuwa 23 ke hannunsa, ba tare da ya ware ko awa ɗaya ta hutu ba.

Na tambaye shi daga ina bakwai ɗin za su fito. Ya yi shiru yana juya biro.

Lacca tana da jadawali. Wurin aiki akwai mai gida da ke duba agogo. Mai oda yana da lambar wayarka, zai kira sau biyar. Littafi ne kaɗai ba ya kiran kowa, shi ya sa kullum daga awanni 30 ɗinsa ake yanka, in sun ƙare a koma kan barci. Illar kuma ba ta nunawa a makon, sai ranar da sakamako ya fito an ga kwas ya maƙale, ga kuɗin maimaitawa, ga shekara ta tsawaita.

Ban ce ya ajiye sana'a ba, ban kuma ce ya bar aikin ba, don albashin nan ne ke hana shi cin uwar kuɗi. Na ce ya riƙe oda ɗaya a mako, ya kira 'yan ƙwallo yau ya ba su ranar mako mai zuwa. Mai saye ya fi jure a ce masa kwana goma tun farko a kan a ce uku a kai bakwai. Ya karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, da shi zai sayi riguna, kuma ya ƙara biyu a kan 30 saboda ɓarna. Sunaye da lambobi mai oda ya turo su a rubuce, a mayar masa da hoton zane ya amince kafin wuƙa ta taɓa leda. Saƙonni ya riƙa amsawa sau biyu a rana, minti 30 kowane, wayar kuma ta shiga jaka in ya zauna karatu. Kuɗin sana'a asusu daban, kar su haɗu da albashi, in ba haka ba wata uku za su wuce bai san ko riba yake ci ko jarin yake lasa ba. Mako biyu kafin jarrabawa a rufe karɓar oda. Mai gidansa kuma ya kai masa jadawalin jarrabawa tun saura wata guda, lokacin da musayar ranakun aiki da abokan aiki ke da sauƙi.

Ya rubuta duka. Ya ce, "To, Yaya." Amma irin "to" ɗin nan ce mai sanyi, kuma na ga idonsa ya koma kan waya.

Sauran yinin ba wani abu. Ciwon kai da rana, ya sauka. Guga na nan ban taɓa ba.

Ƙarfe 11 da rabi na leƙa, fitilar ɗakinsa a kunne, ina jin ƙarar injin yana buɗewa yana rufewa. Takardar lissafin ya bar ta a kan teburina, ga 23 ɗin nan da ya zagaye da biro har sau biyu. Na ninke ta, da safe zan tura masa ta ƙarƙashin ƙofa.