Abin da shari'ar Zenger ta koya mini game da aikin jarida

A darasin tarihin jarida an fi koyar da mu John Peter Zenger a matsayin gwarzon 'yancin faɗin albarkacin baki. Da na fara aiki a ɗakin labarai, sai wani ɓangare na labarinsa ya fi tsaya mini a rai.

Zenger ɗan Jamus ne da ya iso New York a 1710 yana yaro, ya koyi aikin ɗab'i a hannun William Bradford. A 1733 ya fara buga New York Weekly Journal, jaridar da ta sa gwamna William Cosby a gaba bayan ya tsige babban alƙali Lewis Morris. Sai dai zafafan rubuce-rubucen ba nasa ba ne. Lauya James Alexander da abokansa ne ke rubutawa a ɓoye, shi kuwa nasa jera haruffa da danna inji. Da gwamna ya fusata, aka ƙona wasu bugu na jaridar a bainar jama'a, sannan a Nuwamban 1734 aka kama wanda sunansa ke jikin takarda, wato Zenger.

Ya shafe sama da wata takwas a tsare, bai ambaci sunan kowa ba. Duk lokacin da wani ya ba ni labari ya ce kada in faɗi daga ina na ji, wannan shirun nake tunawa. Alƙawarin da sauƙin ɗauka yake, matuƙar ba a zo ƙofarka ba.

Matarsa Anna kuwa, ba kasafai ake ba ta haƙƙinta ba. Bugu ɗaya kacal jaridar ta rasa. Ta kafar ƙofar kurkuku yake yi mata bayani, ita ta koma ta ci gaba da fitar da jarida duk mako. A ganina, da ta rufe shagon, da Cosby ya yi nasara tun kafin a shiga kotu.

A Agustan 1735 Andrew Hamilton ya zo daga Philadelphia ya kare shi, bayan an hana lauyoyinsa na farko aiki. A dokar Ingila da ake bi a New York a lokacin, gaskiyar magana ba ta kare wanda ya soki hukuma. Hamilton ya amsa cewa Zenger ne ya buga, ya ce wa mutum 12 da aka zaɓo don yanke hukunci su duba ko ƙarya aka yi. Suka wanke shi.

Amma dokar ba ta motsa ba. Zenger ya rasu a 1746, kuma sai a 1805 New York ta amince a rubuce cewa gaskiya na iya zama kariya a irin wannan tuhuma ta sukar hukuma, shi ma da sharaɗin an buga ta da kyakkyawar niyya.